Breaker Morant: An Zalunce Su a Kotu, Su Kuma Wa Suka Zalunta?

Tun da fim ɗin Breaker Morant ya fito a 1980 masu kallonsa ba su daina jayayya a kansa ba. Fim ne na ƙasar Ostareliya wanda Bruce Beresford ya ba da umarninsa, kuma yawancinsa a ɗaki guda yake gudana, wani zaure a garin Pietersburg na Afirka ta Kudu, inda kotun soja ta zauna a farkon 1902 don shari'ar hafsoshi uku da ake tuhuma da kashe fursunonin yaƙi. Wasu kan tashi daga kallo zuciya a ƙuntace, suna cewa daular Birtaniya ta yi hadaya da ƙananan sojoji don manya su tsira. Wasu kuma kan tashi da takaici iri daban, suna cewa an ɗauko masu kisan gilla an wanke su tas, har duniya na zubar musu da hawaye. Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne kowane ɓangare yana riƙe da yanki na gaskiya, kuma ba ya son duban yankin da ke hannun abokin gardamarsa.

Yaƙin da abin ya faru a cikinsa shi ne yaƙin Boer na biyu, wanda ya ɓarke a Oktoban 1899 tsakanin Birtaniya da jamhuriyoyi biyu na Turawan Boer, Transvaal da Orange Free State. Boer ɗin nan galibinsu jikokin mutanen Holan ne, manoma da makiyaya da suka kafu a ƙasar da tun asali ta baƙaƙen fata ce, kuma zinaren da aka gano a Transvaal yana cikin abubuwan da suka sa Birtaniya ta zuba musu ido. Zuwa tsakiyar 1900 sojojin Birtaniya sun kama Bloemfontein da Pretoria, aka ɗauka yaƙi ya ƙare. Ashe yanzu aka fara. Mayaƙan Boer suka watse cikin daji a kan dawakai, babu kaki babu bariki, suka koma sari-ka-noƙe. Da Janar Kitchener ya karɓi ragamar rundunar a ƙarshen 1900 sai ya tsananta ƙone gonaki da kashe dabbobi, aka riƙa kwashe mata da yara ana zubawa a sansanoni. Mutanen Boer fiye da 26,000 suka mutu a sansanonin nan, akasarinsu yara ƙanana, yunwa da ƙyanda da zazzaɓin taifot suka ci su. Baƙaƙen fata kuma, da aka tsare a nasu sansanonin daban, aƙalla 14,000 suka mutu.

A cikin wannan yanayi aka kafa wata ƙaramar runduna ta mahaya dawaki a farkon 1901, mai suna Bushveldt Carbineers, aka tura ta can arewacin Transvaal, nesa da idon manya. Da yawa daga cikin mutanenta 'yan Ostareliya ne. Ɗaya daga cikin hafsoshinta, Harry Morant, wanda aka haifa a Ingila a 1864 ya tafi Ostareliya yana saurayi, ya yi suna a can wajen horar da dawakai masu taurin kai da kuma rubuta waƙoƙi a mujallar The Bulletin. A farkon Agustan 1901 abokinsa kuma shugabansa, Kyaftin Percy Hunt, ya kai hari da dare a wani gidan gona a Duivelskloof, aka kashe shi, daga baya aka tsinci gawarsa tsirara an wulaƙanta ta. Daga ranar Morant ya zama wani mutum daban. Ya bi sawun mayaƙan, ya kama wani mai rauni a ƙafa mai suna Visser, ya sa aka harbe shi. Ranar 23 ga Agusta aka harbe fursunoni takwas da suka riga suka miƙa wuya. A ranar dai aka harbe wani ɗan mishan, Rabaran Daniel Heese, wanda ya ga fursunonin kuma ya kama hanyar Pietersburg. Ranar 7 ga Satumba aka harbe wani magidanci mai suna Roelf van Staden da 'ya'yansa biyu.

An fara shari'a ranar 16 ga Janairun 1902. Morant da Laftanar Peter Handcock ba su musa kashe fursunonin ba, abin da suka ce shi ne umarni suka bi, cewa Hunt ya gaya musu daga hedikwatar Kitchener aka ce kada a kama fursuna. Kotu ta same su da laifi a kan fursunonin, ta wanke su daga kisan Heese. Ranar 27 ga Fabrairun 1902 aka harbe su biyun a Pretoria. Na ukunsu, Laftanar George Witton, aka mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1904 bayan dubban mutane a Ostareliya sun sa hannu a takardar koke. A 1907 ya wallafa littafinsa Scapegoats of the Empire, wanda tun daga sunansa yake cewa su ne aka ɗora wa laifin daula. Daga wannan littafi, da wasan kwaikwayon da Kenneth Ross ya rubuta, labarin ya gangaro har ya zama fim.

Duk wanda ya kalli fim ɗin zai gane dalilin da ya sa ɓangaren farko ya fi yawa. Beresford gwani ne, kuma ya san inda zai ajiye kyamara. Lauyan da aka ba waɗanda ake tuhuma, Manjo Thomas, lauyan ƙauye ne daga garin Tenterfield, aikinsa rubuta wasiyya da takardun filaye, bai taɓa tsayawa a kotun soja ba, kuma kwana ɗaya aka ba shi ya shirya. A zaman farko za ka gan shi yana laluben takardu, manyan hafsoshin da ke kan kujerar alƙalanci suna kallonsa sama da ƙasa. Sannu a hankali sai ya miƙe, ya fara kama shaidu da bakinsu, har ka ji kana so ka tashi ka tafa masa. Jack Thompson, wanda ya fito a matsayinsa, ya ci kyautar gwarzon mataimakin jarumi a bikin finafinai na Cannes a 1980, kuma ya cancanta. Akwai wurin da mayaƙan Boer suka kawo hari garin ana tsakiyar shari'a, aka buɗe wa fursunonin ɗaki aka miƙa musu bindigogi, suka yi yaƙi, da ƙura ta lafa aka mayar da su aka kulle. Wannan ya faru da gaske, kuma yana da wuya mai kallo ya ga haka bai ji an ci amanarsu ba.

Sai kuma ƙarshen, wanda shi ne ya fi zama a zukatan mutane. Gari na wayewa, fili fetal, kujeru biyu an ajiye can nesa. Edward Woodward da Bryan Brown, wato Morant da Handcock, suna tafiya zuwa ga kujerun, ɗaya ya miƙa hannu ɗayan ya kama. Suka zauna, suka ƙi a ɗaure musu ido, Morant ya ɗaga murya ya ce wa masu harbin su saita da kyau kada su ɓata aikin. Bindigogi suka tashi, kujerun suka kife. A zahiri a gidan yarin Pretoria aka harbe su, amma wa zai tuna da haka bayan ya ga wannan asubar? Mutumin da ka shafe kusan awa biyu kana jin barkwancinsa da waƙoƙinsa, ka ga budurwar da ya bari a Ingila, idan aka harbe shi a gabanka dole ka ji kamar naka aka taɓa.

Ga ɗan Ostareliya na 1980 kuwa abin ya wuce tausayi. A watan Janairun 1901 ƙasar ta zama tarayya guda, ke nan tana da shekara ɗaya aka harbe mutanenta ba tare da an sanar da gwamnatinta ba. A 1975 wakilin Sarauniya ya tsige zaɓaɓɓen firaminista Gough Whitlam, abin da ya sake tayar da tsohon miki game da ikon Ingila a kansu. Shekara ɗaya bayan Breaker Morant aka fitar da Gallipoli na Peter Weir, shi ma a kan samarin Ostareliya da aka tura ga mutuwa a yaƙin daula. Masu wannan ra'ayi suna cewa kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi: Kitchener ya ƙone ƙasa guda, yara dubbai suka mutu a sansanoninsa, aka ƙara masa girma da sarauta, su kuwa ƙananan da aka tura daji aka ce su yi aikin ƙazanta, su aka harbe.

Kuma ba za a ce ba su da hujja ba. An tsare mutanen nan wajen wata uku, kowa a keɓe, kafin a fara shari'a. Kanar Hall, kwamandan Pietersburg wanda shaidarsa za ta yi amfani, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Indiya. Kotun da kanta ta roƙa musu sassauci, Kitchener ya amince wa Witton ya hana sauran biyun. An gaya musu hukuncin ne ana gobe za a zartar, babu damar ɗaukaka ƙara. Kyaftin Alfred Taylor, jami'in leƙen asirin yankin, wanda ya yi ƙaurin suna wajen mugunta kuma shi ma aka tuhume shi da hannu a kashe wasu fursunoni shida, an sallame shi. Cikakken kundin shari'ar ma ya ɓace, har yau ba a gan shi ba. Wanda duk ya ce shari'ar nan ta cika sharuɗɗan adalci bai faɗi gaskiya ba.

A Amurka masu kallo da masu sharhi da yawa Biyetnam suka gani a fim ɗin. A Maris na 1968 sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan ƙauyawa a My Lai, kuma mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftanar William Calley, a 1971. An yanke masa ɗaurin rai da rai, amma ya ƙare da 'yan shekaru na ɗaurin talala a gida, domin jama'a da dama sun tsaya masa suna cewa shi ma hadaya aka yi da shi. Jawabin ƙarshe na Manjo Thomas a fim ɗin kamar da su yake: cewa yaƙin sunƙuru yana sauya mutum, cewa munanan ayyukan yaƙi mutane ne irin kowa suke aikata su idan aka jefa su cikin halin da ba na kowa ba, kuma wanda ke zaune a inuwa bai isa ya auna wanda ke cikin wuta ba. Magana ce mai nauyi, kuma rabinta gaskiya ne.

Rabin da ya rage shi ne abin da ɓangare na biyu yake ta nunawa, musamman 'yan Afirka ta Kudu, jikokin waɗanda aka kashe, da masana tarihi irin su Arthur Davey da Charles Leach, har da wasu 'yan Ostareliya kamar Craig Wilcox. Suna cewa a duba abin da fim ɗin ya cire. Fursunoni takwas aka harbe ranar 23 ga Agusta, fim ya mayar da su shida, kuma bai gaya maka cewa akwai malaman makaranta a cikinsu ba. Kisan van Staden da 'ya'yansa babu shi ko kaɗan, alhali yana cikin laifukan da aka tabbatar a kotu. Mutanen nan uku suna kan hanyarsu ce ta miƙa wuya, ƙaramin yaron yana fama da zazzaɓi. A ce Beresford ya ba wannan yaro minti biyar kacal, ya nuna mana uban yana tallabe da shi a hanya, ya nuna fuskarsa lokacin da ya gane abin da za a yi musu, anya akwai mai kallon da zai yi kukan asubar Pretoria yadda ake yi? Wannan tambayar ita ce ta fi damuna game da fim ɗin, kuma ban ga amsar da masu kare Morant suka ba ta ba.

Akwai kuma batun waɗanda suka tona asirin. A fim, shaidun masu gabatar da ƙara yawanci mutane ne masu ƙullin gaba, waɗanda aka taɓa hora ko aka kora daga rundunar. A tarihi kuwa sojoji goma sha biyar ne na rundunar da kanta suka sa hannu a wata wasiƙa ranar 4 ga Oktoban 1901 zuwa ga Kanar Hall, suka lissafa kashe-kashen ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai 'yan Ostareliya a cikinsu. Sun yi haka ne suna sane da cewa a watan Yuli an harbe wani abokin aikinsu, van Buuren, bayan an zarge shi da kai labarin wani kisa. Mutanen nan rana ɗaya ta dake su da Morant, daji ɗaya suka kwana, abokan gaba ɗaya suka fuskanta, amma suka ce abin da ake yi kisan kai ne. Idan yaƙi ne ke tilasta wa kowa ya zama haka, me ya sa bai tilasta musu ba? Idan Ostareliya jarumai take nema a wannan labari, ga su nan goma sha biyar, ba wanda ya yi musu fim.

Game da Heese, a yi wa fim ɗin adalci, bai ɓoye ba. Akwai wurin da Handcock ya gaya wa Witton a tsakar gidan yari cewa shi ya harbe ɗan mishan ɗin, duk da shaidar da wasu mata biyu suka ba da cewa yana wurinsu a ranar. Wannan ya yi daidai da wasiƙar da Witton ya rubuta wa Thomas a 1929, inda ya ce Handcock ya amsa masa laifin. Wato laifin da kotu ta wanke su daga gare shi ma sun aikata. Abin mamaki shi ne yadda masu kallo da yawa ke wuce wannan wuri kamar ba su gani ba. Shi kansa Beresford, a wata hira a 1999, ya ce bai taɓa nufin nuna mutanen nan ba su da laifi ba, abin da ya so bincika shi ne yadda mutane masu kama da kowa ke aikata ta'asa a yaƙi, kuma yana mamakin yadda jama'a suka ɗauki fim ɗin a matsayin labarin bayin Allah 'yan Ostareliya da Ingilishi suka ƙulla wa sharri. Na yarda da niyyarsa, amma ban wanke shi gaba ɗaya ba. Shi ya zaɓi wanda za mu san sunansa da wanda za mu gani daga nesa yana faɗuwa. Shi ya sa Kitchener a ɗaki yana cewa ran 'yan Ostareliya uku ba wani tsada ba ne idan zai kawo zaman sulhu kuma ya hana Jamus shiga yaƙin, alhali wannan hira ƙirƙira ce ta masu rubuta fim. Heese ɗin ma da aka nuna a matsayin Bajamushe, asalinsa ne Jamus, amma haifaffen Afirka ta Kudu ne kuma talakan Birtaniya.

Wani abin da ke rikita masu kallo shi ne suna haɗa fim ɗin da Paths of Glory na Stanley Kubrick, na 1957, domin shi ma kotun soja ce da sojoji uku da lauya mai gaskiya da janar-janar marasa imani. Amma sojojin Faransa na fim ɗin Kubrick ba su kashe kowa ba, an tsamo su ne daga cikin runduna aka harbe don a tsorata saura. Wanda ya shiga Breaker Morant da wannan ma'auni zai fito da hukuncin da bai dace da shi ba.

To umarnin fa, akwai shi ko babu? Kanar Hamilton, sakataren soja na Kitchener, ya rantse a gaban kotu cewa bai taɓa ba Hunt irin wannan umarni ba, kuma ba a samu takardar da ke ɗauke da shi ba. An san dai Kitchener ya ba da izinin harbe duk ɗan Boer da aka kama sanye da kakin sojan Birtaniya, kuma da wannan aka fake wajen kashe Visser. An kuma san cewa a rundunoni da dama an riƙa kashe fursunoni manya suna kau da kai. Mai yiwuwa ne ƙwarai an yi ta raɗa irin wannan magana daga sama ba tare da an rubuta ba. Amma ko da an rubuta an buga hatimi, ba ta halatta jinin wanda ya ɗaga hannu ya ajiye makami. Yarjejeniyar Hague ta 1899, wadda Birtaniya ta amince da ita, ta hana kashe wanda ya miƙa wuya, ta kuma hana shelar cewa ba za a bar kowa da rai ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, dokar kotun Nuremberg ta 1945 ta fayyace cewa bin umarni ba ya wanke mai laifi, sai dai ya iya rage masa hukunci. Mai karatu Musulmi ya san wannan ƙa'ida tun daga makarantar allo da ta ilimi, cewa biyayya ga shugaba tana tsayawa ne a inda saɓon Allah ya fara. Shi ma Morant na fim ya san da haka. Da aka matsa masa da tambayar wace doka ya bi, sai ya ce dokar 303, kyamara ta nuna lambar a jikin bindigarsa. Masu kallo da yawa suna jin daɗin wurin nan kamar kirari ne, alhali mutum ne yake shaida da bakinsa cewa ba wata doka da ya bi sai bakin bindiga.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa a gardamar ba, kuma shi ya fi kusa da mu. A ƙasar baƙaƙen fata aka yi yaƙin nan, su ne masu nuna hanya, masu tuƙa keken shanu, masu haƙa ramuka, kuma su ma an kashe su da yawa a yankin da rundunar Morant ta yi aiki. Heese ba shi kaɗai aka harbe ba, har da yaron da ke tare da shi a keken doki, baƙar fata, amma a fim babu shi. 'Yan Afirka a Breaker Morant ba su wuce gilmawa a bayan fage ba. Kitchener ɗin da ake magana kuwa mutanen Sudan sun riga 'yan Boer saninsa, domin shi ya jagoranci yaƙin Omdurman a Satumban 1898, inda aka kashe Ansar, mabiyan Mahdi, wajen 10,000 a yini guda, aka bar masu rauni a fili wasu aka ƙarasa su, aka rushe ƙabarin Mahadi aka watsa ƙasusuwansa a kogin Nilu. Shekara ɗaya bayan an harbe Morant sojojin daular nan suka shiga Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, sannan a 1906 aka shafe garin Satiru. Ba a kafa wata kotu irin ta Pietersburg saboda waɗannan ba. Gaskiyar da ke da ɗaci ita ce an zauna shari'ar Morant ne domin waɗanda ya kashe fararen fata ne. Wanda ke kukan cewa an zaɓi Morant an bar manya, ya kamata ya ƙara da cewa an zaɓi gawarwakin da za a yi wa shari'a an bar sauran.

Gardamar ba ta tsaya a gidajen kallo ba. A 1903 Ostareliya ta kafa dokar tsaro da ta taƙaita hukuncin kisa a kan sojojinta, kuma a yaƙin duniya na farko, lokacin da Birtaniya ta harbe sojojinta fiye da 300, ba a zartar da irin wannan hukunci a kan sojan rundunar Ostareliya ko ɗaya ba. Mutane da yawa suna danganta hakan da ɗacin abin da ya faru a Pretoria. A 2009 wani lauyan sojan ruwa, James Unkles, ya shigar da koke yana neman a yi wa mutanen uku afuwa. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ta ƙi a 2010, tana cewa babu sabuwar hujja, sannan a 2012 ministar shari'a ta Ostareliya, Nicola Roxon, ta ce gwamnatinta ba za ta ci gaba da bin maganar ba. Masu neman afuwar suna kafa hujja da afuwar da Birtaniya ta yi a 2006 ga sojoji 306 na yaƙin duniya na farko, amma waɗancan gudun fagen fama da makamantansa aka harbe su a kai, kuma da gangan aka cire waɗanda aka samu da kisan kai daga cikin afuwar.

Sai ga Nuwamban 2020, rahoton Manjo Janar Paul Brereton ya fito, ya ce akwai sahihan bayanai cewa dakarun musamman na Ostareliya sun kashe 'yan Afganistan 39 ba bisa doka ba, fursunoni da manoma da sauran fararen hula, kuma ba a tsakiyar musayar wuta ba. Rahoton ya ambaci yadda ake sa sabon soja ya harbe fursuna don ya buɗe hannu da kisa. A wannan karo babu Kitchener da za a jingina wa laifi, kuma a nan ma sojoji ne daga cikin rundunar suka fasa ƙwai, wasunsu suka sha tsangwama a kai. Tun daga lokacin 'yan Ostareliya da dama suka koma kallon tsohon fim ɗin da wani ido, suna tambayar ko tatsuniyar jarumin daji da manya suka ci amanarsa ba ta taimaka wajen koya wa samari cewa doka ta masu zaman ofis ce ba.

Ni dai hukuncina shi ne an tauye wa Morant da Handcock haƙƙinsu a yadda aka gudanar da shari'ar, kuma sun aikata abin da aka tuhume su da shi, har da wanda aka wanke su a kai. Zaluncin da ke cikin labarin shi ne hukunci ya tsaya a kan laftanoni bai hau sama ba, kuma maganin wannan shi ne a kira sunan Kitchener da Taylor a cikin masu laifi, ba a cire na Morant ba. Fim ɗin ya cancanci a kalle shi, yana cikin mafi kyawun finafinan kotu da aka taɓa yi. Amma wanda zai kalla ya shiga da sanin cewa mutum goma sha biyu aka samu Morant da laifin kashewa, dukkansu suna hannu ba makami, kuma a cikinsu akwai yaro mara lafiya da fim ɗin bai nuna ba.